Sulle Mai Majigi da Wasan Ranar Alhamis

Da an sallame sallar la'asar a Rogo, Sulle Mai Majigi ba ya tsayawa doguwar hira a ƙofar masallaci. Yakan nufi ɗakin da ake ajiye talabijin ɗin gari. Zai share filin, ya yayyafa ruwa, ya jera bencinan dattawa a gaba, ya gyara zanar da ta kare ɓangaren mata. Daga nan ya jawo injin wuta zuwa bayan ɗaki, ya cire filogi ya hura, ya goge da gefen rigarsa, ya zuba mai. Akwatin talabijin ɗin ne na ƙarshe. Rungumo shi yake yi da hannu biyu, ya ɗora a taga, ya yaye rufin da matarsa Saude ta ɗinka masa. Kafin tasha ta buɗe yana zaune a gindin sandar eriya. In aka kira magariba, ko me ake nunawa, sai ya kashe inji, kowa ya tafi alwala.

A watan jiya ya ajiye wannan aiki. Ƙirjinsa ya ƙi, tari ba ya barinsa, hannunsa kuma ba ya iya jan igiyar inji. Ba a yi masa taro ba. Ya miƙa wa Barau, wanda ya gaje shi, mukulli, ya koma gida. Ni malamin firamare ne a garin nan, na daɗe ina zama a filin nan nasa, shi ya sa na ga bai kamata a bar shi ya tafi shiru haka ba.

Tun farkon samun mulkin kai Sulle yake bin motar majigi. Shi ke kafa farin ƙyalle a dandali, shi ke riƙe lasifika yana bayyana wa manoma abin da hoto ke nunawa game da shukar gyaɗa da tsaftar rijiya. Dattawan ƙauyen Kurugu har yau suna ba da labarin shekarar da aka zo yi wa mutane lambar agana. An nuna majigi, an yi bayani, amma da ma'aikatan lafiya suka fito da kayansu sai fili ya fara watsewa. Sulle ya ajiye lasifika, ya naɗe hannun riga, ya ce a fara da shi. Da aka je ƙauye na gaba ya sake naɗewa, haka kuma a na gaba. Wani ma'aikaci ya ce masa ai sau ɗaya ya isa. Ya ce, “Mutanen nan ba su ga na jiya ba.”

Da aka daina yawo da majigi, aka kawo wa manyan garuruwa talabijin na kallon jama'a, shi aka damƙa wa na Rogo. A makonnin farko har daga Zoza mutane ke zuwa a kan kekuna. Amma ɗokin bai daɗe ba, kuma laifin ba na mutane ba ne. Tashar da muke kamawa ba ta da abin kirki da za ta cika lokacinta. Bayan labarai sai sanarwa, bayan sanarwa sai a bar mu da tambarin tasha da kiɗa, sai kuma fim ɗin ƙasashen waje da ba mai jin abin da ake faɗa a ciki. Abin da ya fi gundurar jama'a shi ne wani tsohon wasan ban dariya na wani tela da ba ya cika alkawari. An ɗauke shi shekaru da dama da suka wuce, kashi kaɗan ne, amma kowace Alhamis sai an sa shi. In aka kai ƙarshe a koma farko. Har ta kai mutane na riga 'yan wasan faɗin maganarsu.

Akwai wata tasha ta nesa da ake kamawa in an juya eriya, kuma daidai wannan lokaci na Alhamis take nuna ƙwallo da kokawa. Kowace rana in aka roƙi Sulle ya juya sanda, yakan juya. Ban da Alhamis.

Ina wurin ranar da Lurwanu malamin gona ya tsaya a kansa.

“Baba Sulle, don girman Allah juya mana sandar nan. Telan nan mun haddace shi.”

“Ku yi haƙuri, Malam. Da an gama zan juya.”

“Kafin a gama ai an tashi daga ƙwallon. Kai ba ka gaji da shi ba ne?”

“Na fi ku gajiya,” in ji Sulle. “Amma ku yi haƙuri.”

Matasa suka fara ƙaurace wa filin. Aka ce tsufa ne, aka ce taurin kai ne, wasu suka ce ya mai da kayan gwamnati nasa. Akwai waɗanda suka daina gaishe shi a hanya. Daga ƙarshe aka kai ƙararsa ofis a Ƙaraye. Waɗanda suka raka shi sun ce da babban ma'aikacin ya gama faɗa, Sulle ya ce, “Ranka ya daɗe, duk mako nasu ne. Ɗan wannan lokacin kawai nake roƙo.” Aka tambaye shi dalili. Ya ce amana ce, ba zai iya faɗa ba. Aka ja masa kunne cewa in ƙara ta sake zuwa, za a ba wani aikin. Ya dawo, Alhamis ta zagayo, bai juya sandar ba.

Dalilin bai fito ba sai a daminar bana, wurin zaman makokin wata tsohuwa, Iya Turai, daga bakin 'yarta Lauratu.

Iya Turai tana zaune ne a wani ƙauye kan hanyar Zoza. Kowace Alhamis takan tako zuwa gidan Lauratu a unguwar Sabon Gari a nan Rogo, ta ce ta zo ganin jikoki. Da yamma sai ta ɗauki 'yar tabarmarta ta zauna a bakin zanar mata, inda ake hango akwatin sosai. Sulle ya lura ba ta dariya. Ya kuma lura cewa akwai wani mutum a wasan, mai ɗan ƙaramin matsayi, wanda kullum yakan shigo shagon telan neman rigarsa, ya zauna a benci, a ce masa ya dawo gobe, ya ce, “To, Allah ya kai mu,” ya fita. Da wannan mutum ya fita, ita ma sai ta naɗe tabarma.

Wata Alhamis inji ya mutu ana tsakiyar wasan, kafin mai rigar ya shigo. Kowa ya watse, ita ba ta tashi ba. Sulle ya je ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya ce yau kam sai haƙuri. Sai ta ce, “Wancan da ke zama a benci, a ɗakina aka haife shi.”

Ɗanta ne na fari, Ƙasimu. Ya tafi birni neman aiki, ya faɗa cikin 'yan wasa, mahaifinsa ya yi fushi har ya rasu bai sauko ba. Shi kuma Ƙasimu, wata shekara yana kan hanyar zuwa gida yin salla, motar da ya shiga ta kife. A can aka binne shi. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta da hotonsa. Sai da wata maƙwabciya ta dawo daga Rogo ta ce ta ga mai kama da shi a cikin akwati.

“Kada ka faɗa wa kowa,” ta ce da Sulle. “Ɗan fari ne. Kada a ce tsohuwa ta zubar da kunya, tana bin ɗa har cikin wasa.”

“Ba mai ji daga bakina, Iya.”

Lauratu ta ce a wannan daren mahaifiyarta ta gaya mata yadda suka yi, ta kuma ɗaure ta da irin wannan alkawari.

Sulle na Saude, kai ne ka ɗauki zagin gari a kanka alhali kalma ɗaya za ta wanke ka. Da ka buɗe baki, da Lurwanu ne zai fara cewa a bar sandar yadda take, don ba mugun mutum ba ne. Ka san haka. Amma ka san kuma daga ranar kowa zai riƙa waiwayen tsohuwar nan in ɗanta ya fito, kuma ba za ta sake zuwa ba. Ka zaɓi a ce maka mai taurin kai.

A farkon shekarar nan tashar ta sake tsarin shirye-shiryenta, aka cire wasan telan. Gari ya yi murna, kuma da gaskiyarsa, don an daɗe ana raina masu kallo. Iya Turai ta zo ranar Alhamis, ta zauna har aka kira salla, ba ta ga kowa ba. Ta sake zuwa mako na gaba. A na bayansa Sulle ya hau mota zuwa birni, tarin nan na cinsa. Ya wuni a ƙofar tashar kafin wani ma'aikaci ya saurare shi. Roƙonsa shi ne a sake sa wasan ko sau ɗaya, ko kuma a gaya masa ranar da za a sa. Mutumin ya shiga ya duba, ya fito ya ce faya-fayan ɗaukar hoto sun yi musu ƙaranci, an goge tsofaffin wasannin an ɗauki sababbin shirye-shirye a kansu. Babu ko ɗaya da ya rage.

Bai aika kowa ba. Da kansa ya tafi ƙauyen washegari, Lauratu ta raka shi. Suka tarar da tsohuwar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan an gaisa ya ce, “Iya, na je. Sun ce sun ɗauki wani abu a kai. Babu shi.”

Ta ci gaba da ɓara na ɗan lokaci. Sannan ta ce, “Wato an sake binne shi ban gani ba.”

Sulle ya sunkuyar da kai yana share hawaye da hularsa. Ita ce ta ba shi haƙuri. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka. Kai ka nuna mini shi yana tafiya da ƙafarsa.” Can kuma ta ce, “A kashin da ya shigo da ruwan sama a jikinsa, Ƙasimu ya rame, ko idona ne?”

Lauratu ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan yayanta a bakin mahaifiyarsu ba sai ran nan.

Sulle ya ce bai rame ba, rigar ce ta yi masa yawa. Ya ba ta labarin wannan kashin tun daga sallamar Ƙasimu har fitarsa, da yadda ya karkaɗe hula, da inda ya ajiye takalmi. Daga nan duk sa'ad da ƙirjinsa ya bar shi, yakan hau keke ya je, ta zaɓi kashin da take so, ya faɗa mata. Haka suka yi har ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

A wurin makokin Lauratu ta ba da labarin nan har ƙarshe. Sulle ba ya nan, yana gida a kwance. Lurwanu ne ya fara tashi, ya sa takalminsa, ya nufi gidan Sulle.

Ga masu tashar, maganata gajeriya ce. Maimaita tsohon wasa har ya gunduri mutane rashin ƙoƙari ne, ba na janye wannan. Amma in kun cire abu, ku adana shi. Mutanen da ke cikin faya-fayan nan 'ya'yan wasu ne.

Kai kuma Baba Sulle, mun gode. Mun gode da yawon ƙauyuka, da tabon da ke hannunka, da shirun da ka yi. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba, ya jiƙan Iya Turai da ɗanta. Masu riƙe da kayan jama'a, ko famfo ne, ko ɗakin magani, ko aji, su duba yadda mutumin nan ya riƙe nasa: ya san fuskar kowa da ke zuwa, har da wadda ta zauna a gefe ba ta ce komai ba.

Gidansa na nan bayan masallaci, mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Da hantsi tarin ke ɗan sassauta masa. Duk wanda ya taɓa wuce shi a hanya bai gaishe shi ba, ya je yanzu, tun yana iya amsawa.