Inna Saude da Kwalaben Jiƙon Malam Isiyaku

Kullum da safe, kafin a buɗe ɗan asibitin Kahu, Inna Saude ta riga ta share baranda ta cika randa. Duk wanda ya zo sai ya sha ruwa ya huta, sannan ta tambaye shi abin da ke damunsa. Shekara talatin da ɗaya tana aikin lafiya, ga shi wannan watan za ta ajiye aiki. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, amma abin da ta yi wa Malam Isiyaku bai kamata ya tsaya a unguwarmu ba.

Malam Isiyaku manomin albasa ne. Bara idanunsa suka yi rawaya, likita a Rano ya ce ciwon hanta ne, ya ɗora shi a kan magani. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da kwalbar jiƙonsa. Shi kuwa mutum ne mai kunya, duk babban da ya miƙo masa sai ya shanye a gabansa, kada a ce ya raina. Ran da Inna Saude ta leƙa, kwalba tara ta tarar a ƙarƙashin gado, shi kuma ko zama ba ya iyawa.

"Malam, hantar nan fa taka ce, ba ta unguwa ba," in ji ta. "Kai kake jin kunya, ita take shan wuya."

"Inna, Kawu Muhammad ne ya rene ni. Yaya zan ce masa a'a?"

"Ba kai za ka ce ba. Ni zan ce."

Da ta tashi aiki, sai ta shimfiɗa tabarma a zauren Malam. Can sai ga Kawu da jarka guda.

"Saude, ke da na sani tun kina tallan gyaɗa, yau ke za ki shiga tsakanina da ɗana?"

"Wane ni, Kawu! Aiki zan ba ka. Bayan la'asar ka riƙa zuwa, in ya ji ƙarfi ka fita da shi kuna ɗan takawa. Maganarka kaɗai yake ji."

Kawu ya dire jarkar yana ƙunƙuni. Washegari kuwa ya iso da sandarsa tun kafin a sallame sallar la'asar.

Jumai, matar Malam, ta rage mai a miya, ta riƙa tsince gyaɗar da ta yi funfuna. Ƙwayar ciwon jiki ta kemis aka daina. Aka yi wa iyalin gwaji da rigakafi. Da Malam ya ce kwanciyar rana lalaci ce, Inna ta ce, "Jakinka ma kana sauke masa kaya, balle kai."

Bayan wata biyar likita ya duba sakamakon gwaji ya ce Alhamdulillahi, hanta ta samu sauƙi, a ci gaba da magani. Bana Malam Isiyaku da hannunsa ya cire albasarsa, kuma shi da Kawu ko sau ɗaya ba a ji kansu ba.

Inna Saude, ke ce kika ceci hantar mutum ba tare da kin ɓata masa zumunci ba. Uwar marasa lafiya, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma in za mu dubiya, mu bar kwalba a gida, mu je mu tambayi mara lafiya me likita ya ce, mu taya shi bi.