Rubutun Gawayi a Ƙasan Zaurena

Shekarar da na ba wani ɗalibin jami'a hayar shagon da ke jikin zaurena a Wudil, na dawo daga gona a Kausani na tarar da rubutun gawayi a kan simintin zauren, daidai inda ake wucewa. Lambobi ne da haruffa, wasu an rufa musu wata alama mai kama da lauje. Iyakata firamare, kuma ba a nuna mana wannan ba.

Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama. In da sunan Allah a ciki, takawa zunubi ne. In kuwa asiri ne, tsallakawar ake jira. Na koma na shiga ta ƙofar awaki, na hana kowa bin zauren.

Maiɗakina ta ce in kore shi a ranar. Ni kuma na san jarrabawa ta gabato masa, garinsu da nisa, kuma ina tsoron alhaki. Na kira shi.

"Malam, wa aka yi wa wannan?"

Ya yi dariya, dariyar ba ta kwanta mini ba. "Baba, lissafi ne. Takardata ce ta ƙare."

"To karanta mini."

Ya tsuguna. Ya ce laujen nan tushen lamba yake nema, kuma ba ya karɓar abin da ya gaza sifili. Laujen guda biyu ne: a ƙarƙashin na farko ana cire biyu daga lambar da ka zaɓa, don haka dole ta kai biyu. A na biyun ita ake cirewa daga shida, don haka kada ta wuce shida. In an haɗa su, sai lambar da duka biyun suka yarda da ita, daga biyu zuwa shida.

"In na sa bakwai fa?"

"Na farko zai karɓa, na biyu ya ƙi."

Amsar ta zo da sauri, kamar an shirya ta. Washegari na tare wani ɗalibin a bakin titi, wanda ban taɓa ganinsu tare ba, na kawo shi ta ƙofar awaki ya duba daga ciki. Shi ma ya ce daga biyu zuwa shida. Na ji sanyi, sai kuma na tuna makarantarsu ɗaya.

Na kwana ina juya abin. Hujjar kora ban samu ba, zuciyata kuma ba ta sake ba. Da safe na ce wa ɗan hayar ya ci gaba da zama, amma ya wanke rubutun da hannunsa, ya tara ruwan a kwano ya zuba a gindin darbejiya inda ba mai takawa. Ya yi, yana ta murmushi.

"Yanzu wuce ta kan wurin," na ce.

Ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Duk da haka sai da na ga ya wayi gari lafiya sannan na bar yarana suka bi zauren.