Muryar Othman a Bayan Ganguna

Abdulghani mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Mahjar, can ƙasar Makka. Shekara ashirin ke nan yana hawa tsani a bayan gidajen mutane, su sha sanyi a ciki, shi ya sha rana a waje. Baya ya gaji, kunnen hagu kuma sai an ɗaga murya. Kakansa ya zo hajji daga Sakkwato bai koma ba, shi kuwa a Karantina aka haife shi, unguwar da yanzu an rushe ta, sai fili.

Wanda ya gan shi yau ba zai yarda ya taɓa kiɗa ba. To, ya yi! A 2004 su huɗu suka haɗa ƙungiyar kiɗan pank, mai hayaniyar nan, waƙa minti biyu an gama, kowa ya jiƙe sharkaf. Suka sa mata suna Wayit, sunan tankar da ke kawo wa unguwa ruwa. Shi ke ganguna, abokinsa Othman ke waƙa, rabi Hausa rabi Larabci, duk ihu. Wata biyar suka yi, wasa uku kacal, a wani gidan haya a hanyar Makka, bayan la'asar. Daga nan aka kama Othman babu iƙama, takardar izinin zama, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba. Can ciwo ya kama shi, ya rasu. Ya bar matarsa Mastura da ciki.

Yarinyar da aka haifa, Lujain, ita ce ta zo shagonsa bana, ta zama budurwa. Hausa tana ji sama-sama, amsa kuwa sai da Larabci.

"Ya ammi," ta ce, wato baffa, "Mama ta ce kana da kaset ɗin wasanku. Ban taɓa jin muryar babana ba."

Kaset yana nan, amma shi ya san abin da ke ciki. Rikodar da suka ɗauki wasan da ita ta mahaifiyarsa ce, wadda take ɗaukar gaisuwa da ita tana ba alhazai su kai wa dangi gida. Ta ja masa kunne, in aka taka mata ita kada ya dawo. Shi kuwa sarkin wayo sai ya ajiye ta tsakanin ƙafafunsa, a gindin babbar ganga. Me za a ji? Sau ɗaya ya saurara, minti biyar, ya jefa shi a gwangwanin biskit don haushi.

Sati uku yana yi mata hanya-hanya. Yau aiki, gobe ciwon baya. Kunya ce kawai, ba wani abu ba. Ranar wata Juma'a dai ya gaji da ƙarya, ya ari tsohuwar rikoda a kasuwar Balad, ya tafi gidan Mastura bayan an sauko masallaci.

"'Yata, kada ki sa rai da yawa," ya ce, ya danna.

Dum-dum-dum, kamar ana rushe katanga. Can nesa wani abu na ƙara, ko jita ne ko mutum, oho. Lujain ta manna kunne da sifika. Minti goma, minti sha biyar. Mastura ta tashi ta shiga kicin, ba ta dawo ba. Abdulghani ya sunkuyar da kai, ya tsani hannayensa.

Sai gangar ta tsaya cak, sanda ce ta suɓuce masa a ranar. Aka ji takun mutum ya matso, da haki, sannan murya tar, kamar yana cikin ɗakin:

"Kai Abdulghani, don Allah sassauta! Ba a jin kowa sai kai!"

Ganga ta ci gaba. Shi bai taɓa saurara har nan ba. Shekara ashirin abin na cikin gwangwani.

"Shi ne?" Lujain ta tambaya.

"Shi ne."

"Me ya ce? Ya yi sauri."

"Faɗa yake mini."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta turo masa rikodar. "Mayar baya, ya ammi. Ya sake."