Mahon da Aka Sa wa Saudatu a Zariya

"...ta sha, Inna! Na ce ta sha! Duka biyun ta kama, har ta yi gyatsa!"

Namadi tela ne ke wannan ihu tun daga zaure, hula a hannu, ƙafa duk taɓo. Tsakar gidansu a Zugu kuwa cike take da mata, an zo gayyar ɓarar gyaɗa, har da surukarsa a ciki. Ga mutum mai gemu, uban 'ya'ya uku, yana shelar shayarwar ƙanwarsa kamar mai tallan gishiri. Wasu suka ja mayafi suka rufe baki, wasu suka fashe da dariya.

"Kai Namadi, mi ya same ka?" in ji Inna. "Ba ka ga surukarka zaune ba?"

"Na gan ta, Inna! Ita ma ta ji!"

Inna ta ajiye ƙwaryar da ke cinyarta, ta juya gabas, ta ɗaga hannuwa tana hamdala.

Wanda bai san Saudatu ba zai ce tela ya zautu. To bai zautu ba, shekara ashirin da 'yan kai yana jiran wannan rana.

Saudatu tana da shekara huɗu, shi yana da tara. Inna mai ƙuli-ƙuli ce, ranar ta ɗora kasko, mai yana tafasa, ta shiga ɗaki ɗauko matsami. Ɗan akuya ya sa baki cikin tunkuza, Namadi ya bi shi da gudu, ƙafarsa ta kwashi itacen murhu, kasko ya tuntsure. A ƙirjin Saudatu man ya sauka, daga wuya har cibiya, ya gangara hammatar dama.

Babu wanda ya yi zancen asibiti a lokacin. Wanzami ya zo ya shimfiɗa gashin zomo a kan ƙunar, ya ce a ɗaure hannun dama a jikinta da zane don kada ta yi susa. Aka ɗaure da kyakkyawar niyya. Wata uku ƙuna ta warke, aka kwance zane, sai ga damtse ya manne da haƙarƙari, fata ta haɗe su wuri guda. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu lafiya lau, amma sama ba ya ɗaguwa.

Ba a taɓa dukan Namadi a kan wannan ba. Ya sha cewa da an doke shi da ya fi masa sauƙi.

Ita kuwa yarinyar ta tashi abinta, ba ta san zama ba. Da hagu take daka, kuma ta fi masu hannu biyu saurin fitar da gari. Tulu, sai ta durƙusa ta tura shi da kafaɗa ya hau kai. Ga baki! In wata ta ce mata mai hannu ɗaya, sai ta ce, "Ke mai biyun, ina tuwon da kika tuƙa?" Da ta girma ta karɓi sana'ar Inna, kaskon nan dai da ya ƙona ta, ƙuli-ƙulinta har kasuwar Gummi ake nemansa.

Riga ce kawai ta gagare ta. Ba ta iya zura hannu. Shi ya sa da Namadi ya fito firamare da ƙyar, ya ce shi ɗinki zai koya. Rigar farko da ya gama da kansa tata ce: hannun hagu cikakke, gefen dama a buɗe, da 'yan igiyoyi uku na ɗaurewa. Ya yanka kwali daidai da wannan yanka ya rataya a ƙusa saman keken ɗinkinsa. Kowace salla sai ya sauke kwalin.

Akwai abin da riga ke rufewa, wanda wa ba ya tambayar ƙanwarsa. Lokacin da sa'o'inta suka fara ƙirga dangi, tabon nan ya ƙi sakin ƙirjinta. Nonon na nan a ciki, amma fatar ta danne shi kamar an ja ganga, kan ma ya nutse.

Mainasara, wani manomi daga Adabka, ya san da haka ya nemi aurenta. Goggo, ƙanwar babansu, ta zaunar da shi ta faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Goggo, ni na ji. Ita nike so." Aka yi biki a shekarar saba'in da tara.

Shekara ta zagayo ta dawo gidan Inna a Zugu ta haifi namiji, Abdullahi. Ruwan nono ya zo, ƙirji ya kumbura yana zogi, amma yaro ya rasa inda zai kama. Aka nemi mai shayarwa a dangi, ba a samu mai jego ba. Aka koma madarar akuya da ruwan kunu. Yaron nan ya yi ta kuka, safe da rana, har maƙwabta suka san muryarsa. Namadi yana rumfarsa yana taka keke da ƙarfi don kada ya ji, amma yana ji. Da zawo ya kama yaron suka kai shi asibitin Gummi. Kwana biyu Allah ya karɓi abinsa, bai cika wata uku ba.

A nan ne wata malamar asibiti, Maimunatu, ta ja Saudatu ɗaki ta duba ta. Allah ya saka wa matar nan da alheri duk inda take. Ta fito ta sami Namadi da Mainasara a gindin dalbejiya.

"Wa ya ce muku wannan ba ya gyaruwa? A babban asibiti a Zariya akwai likitocin da aikinsu ke nan. Su tsaga tabon, su ɗebo fata a cinya su rufe wurin."

Da labari ya iso Zugu, Inna ta ce sam.

"A yanka wuri mai lafiya a liƙa ma mara lafiya? Ɗiyata ta sha wuta, yanzu kuma ta sha wuƙa? Yadda Allah ya bar ta, ku bar min ita."

Namadi bai iya dogon bayani ba. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko wata tsohuwar rigar yaro da ta matse, ya sa reza ya farke hammatar a gaban Inna, ya yanko ƙyalle daga gindin rigar, ya zauna ya yi maho da allura. Ya miƙa mata.

"Ja hannun ki gani, Inna."

Ta ja, hannun riga ya miƙe.

"Ɗiyata ba tsumma ba ce," in ji ta. Amma ba ta ajiye rigar ba, tana ta jujjuya ta.

Aka je wurin Malam Shehu limamin unguwa, ya ce gyara abin da wuta ta ɓata magani ne, kuma an hore mu da neman magani. Duk da haka Saudatu ce ta yanke maganar. Ta ce, "Inna, kin ji kukan Abdullahi. Ni ba ni ƙara jin irinsa. Ko ku raka ni, ko in tahi."

Bayan an kai amfanin gona gida a shekarar tamanin da biyu suka hau mota, ita da mijinta da Goggo da Namadi. Zugu zuwa Anka, Anka zuwa Gusau, Gusau zuwa Zariya. Likitan dattijo ne mai farin gilashi, Hausarsa ba ta nuna ba, sai da tafinta. Bayan ya duba ta ya kira su duka ya shimfiɗa musu zaɓi. Ana iya sakin hannun kawai, aiki ɗaya, ta koma gida da wuri. Ana iya haɗawa da ƙirjin, a saki nonon biyu a fito da kansu, amma wannan shiga tiyata biyu ne, kuma cinya za ta ji jiki. In tana so, daga baya a ƙara wani aikin don a daidaita su su yi kyan gani.

Namadi dai ƙasa yake kallo, kunya kamar ta kashe shi.

"Ka tambaye shi," Saudatu ta ce wa tafinta, "da wanne ne ɗa zai sha?"

Likita ya ce na biyun ne ke ba da hanya. Amma ya ce ba zai yi mata ƙarya ba: shi zai buɗe ƙofa ne, bai san ko wuta ta toshe hanyoyin ruwan daga ciki ba. Ba mai sani sai ranar da aka sa jariri.

"A yi na biyun. Kyan gani kuwa, Mainasara ya riga ya saya a haka."

Tafinta ya ƙyalƙyale da dariya kafin ya fassara. Mainasara ya rufe fuska da hula.

Wata huɗu ta yi a can. An ɗaure hannun a kan wani ƙarfe, a miƙe, mako da mako, Goggo na ce mata mutum-mutumin gona. Saudatu ta ce wurin da aka ɗebi fatar a cinya ya fi ƙirjin zafi nesa ba kusa ba. Wani gefen fatar bai kama ba, aka sake. Ba ta taɓa cewa a mai da ta gida ba.

Ranar da ta dawo Zugu, tana sauka ta kai hannun dama ta tsinko ganyen dalbejiyar ƙofar gida. Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

Washegari Namadi ya zo da atamfa sabuwa, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, da tef a wuya. Ya ce yau zai yi mata riga irin ta kowa.

"Ajiye ta, Yaya," in ji ta. "Ba don riga na tahi ba. Ranar da na shayar, ka yanka."

Ya sa atamfa a akwati. Kwalin nan ya ci gaba da zama a ƙusarsa, ita kuma ta ci gaba da ɗaura igiyoyinta uku. Shekara biyu haka. Mutane na ta barka da hannu, su kuwa 'yan gida sun san ba a gama ba.

Da ciki ya samu ya tsufa, a daminar tamanin da biyar, ta koma Zariya da mijinta da Goggo, don likita ya ce yana son ta haihu kusa da shi. Ya kuma ja kunnen Goggo a kan wankan jego, ya ce sabuwar fatar ba ta jin zafi sosai, kada a watsa mata tafasasshen ruwa a ƙirji. Goggo ta yi gunaguni, amma ta riƙe.

Ranar wata Alhamis Surajo direban motar kasuwa ya tsaya a bakin rumfar Namadi.

"Tela, albishirinka! An sauka lafiya, mace. Mainasara ya ce ka je gidan waya na Anka ranar Talata da hantsi, za su bugo tarho."

"To, ɗiyar tana... tana samu?"

"Samun mi? Kai, ni direba ne, ina zan tambayi wannan?"

Kwana biyar Namadi yana ɓata ɗinkin mutane. Ya sa wa wandon wani aljihu a baya-baya, sai da ya farke.

Talata tun da sassafe ya ari babur ya kama hanyar Anka, ruwa ya kwana yana zuba, sau biyu yana sauka yana turawa. Bai taɓa riƙe tarho ba a rayuwarsa. Gidan waya cike da mutane, masu aika wasiƙa da masu jiran kira. Ya zauna a benci har rana ta take. Can abin ya yi ƙara, Gambo ma'aikacin wurin ya ɗauka, ya ce, "Wane ne Namadi na Zugu?" Ya miƙa masa, ya gyara masa riƙon. "Nan kunne, nan baki. Kuma ba sai ka yi ihu ba."

Muryar Mainasara ce, can nesa, cikin shuuu kamar ruwan sama a kan kwano.

"Yaya Namadi? Lafiya lau muke. Komi lafiya."

"Madalla! To, ya... ya abin?"

"Abin? Alhamdu lillahi, ai Goggo ma lafiya."

"Ba Goggo ba! Abin da anka je dominsa!"

Duk gidan waya ya yi tsit ana saurare. Maza biyu, ɗaya a Anka ɗaya a Zariya, kowa kunya ta riƙe masa harshe. Sai aka ji ƙwaram, wani ya fizge tarhon.

"Ba ni nan, ku sai ku wuni kuna gaisuwa. Yaya, kana ji na?"

"Saudatu! Ina ji!"

"Tana nan a jikina, a ofishin malaman asibiti muke. Yi shiru ka saurara."

Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya riƙe numfashi. Babu komai sai shuuu ɗin waya.

"Ka ji kuka?"

"Ban ji ba."

"To ba ka ji, don ta ƙoshi. Tun ranar Asabar ruwa ya zo. Na hagu ta fara kamawa, jiya ta kama na dama. Yanzu ta saki ta yi gyatsa, ta yi barcinta. Likita ya zo ya gani da idonsa, har ya cire gilashi yana goge ido."

Namadi ya ƙara manna tarhon a kunne. Hawaye na bin gemu, Gambo ya kau da kai yana buga hatimi a kan wasiƙu.

"Yaya? Ko ka tahi?"

"Ina nan. Saudatu, kaskon nan... ni ne..."

"Kai Yaya, bar zancen kasko, ɗan akuya ne, kuma an daɗe da cinye shi. Ka gaya ma Inna ta yi sadaka. Kuma ka san da wane hannu nike riƙe da wagga waya?"

"Da wanne?"

"Da na dama. Atamfar nan tana nan, ko asu ya ci?"

"Tana nan!"

"To ka sauke kwalin nan ka ba Inna ta hura wuta da shi. Hannu biyu nike so, dogaye. Amma ka bar gaban da faɗi, mai abin tana yawan nema."