Shamuwar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekaru yana dafa wa sojojin sama abinci a Yamai. Da ya dawo Tibiri sai ya kama sassaƙa jiragen yaƙi na dā da itacen aduwa. Ba ya sayarwa. Da zare yake rataye su a azarar zaurensa, duk wanda ya zauna kuma sai ya sha tarihi: wannan na rundunar da ke zana bakin kifi mai haƙora ne a hancin jirgi, wancan mai fukafukai hawa biyu na rundunar Faransawa ne a yaƙin duniya na farko, masu shamuwa a jikin jiragensu. Shamuwar ya fi ƙauna. Cewa yake mutanen da suka zaɓi tsuntsun damina ba za a rasa manomi cikinsu ba.

Ni tela ne, don haka ni ya ɗauka ma'auni. In ya gama kankare jirgi da fasasshiyar kwalba, kafin fenti sai ya miƙo mini. In ɗaga shi daidai hancina, in rufe ido ɗaya, in dubi fukafukan.

"Mi ka gani?"

"Na hagu ya ɗan sauka, Kawu."

Sai ya karɓa ya gyara. Haka muke yi har yanar ido ta fara rufe masa gani. Ranar da ya fara miƙo mini jirgi mai wutsiya a karkace, na ga yadda yake lalubar wuƙarsa a kan tabarma, sai bakina ya ce, "Daidai yake." Na koma shago ina ta istigfari. Na ce na gaba zan faɗa. Na gaba ya fi wannan karkacewa, na ce daidai yake.

Ni ne kuma na matsa masa a je Dogon Dutsi da aka ce likitocin ido sun zo. Ya ƙi, na kai ƙara wajen mahaifiyata, ta yi masa kuka, ya yarda. Sai da muka shiga mota ya faɗo mini a rai cewa in ya warke zai ga jiragen. Wallahi har na ji wani abu a zuciyata yana fatan likitocin sun riga sun tafi. Wannan tunanin ya fi ƙaryar damuna har yau.

Aikin ido ya yi kyau. Da muka dawo ya tsaya tsakiyar zaure ya ɗaga kai, ya daɗe. Ya nuna jirgin ƙarshe da ya yi, wanda ya zana wa shamuwa da hannunsa.

"Wa ya zana zabuwa ga jirgina?"

Ya juyo wajena.

"Kai, tela. Da wannan idon kake yi ma mutane wando?"

Waɗanda suka zo yi masa barka suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya sa aka tura gizagonsa ƙarƙashin gado. Damina ta zo ta wuce, ina zuwa gaishe shi, yana amsawa lafiya lau, amma babu ɓarɓashin itace ko ɗaya a zauren. Na riƙa lissafi ni kaɗai: da na faɗi gaskiya da ya daina tun tuni, da ban kai shi likita ba da yana nan yana sassaƙa cikin jin daɗi. Kowace hanya na bi sai in tarar da kaina a ƙarshenta.

Bayan girbi na samo guntun aduwa busasshe, na jingine a ƙofar zaure na koma shago. Wata ranar Juma'a bayan masallaci ya kira ni, ya miƙo jirgi marar fenti. Na ɗaga, na rufe ido ɗaya.

"Na dama ya fi tsawo, Kawu."

"Da yawa?"

"Kamar faɗin farce."

"Na sani. Da gangan na bar shi." Ya karɓe, ya jawo kwalbarsa.

Mai zabuwar kuwa ni ya ba, ya ce nawa ne tunda tare muka yi shi. Yana rataye bisa keken ɗinkina. Masu kawo ɗinki kan tambaya wane tsuntsu ne, in ce shamuwa ce, sa'annan in yini ina tunanin ko wannan ma ƙarya ce.