Jakin da ke Tsayawa a Gindin Tsamiya

Kusan shekara guda ɗana Sahabi ya yi ba ya sakin jiki da ni. Da na shigo gida sai ya sulale waje. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na fara shirin tura shi wurin ƙanena a Illo ko zai gyaru. Ana cikin haka na tuna da kakata, Inna Kulu.

A Kaoje muka tashi, a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Manya na can wurin rediyon mai unguwa suna zancen sabuwar tuta, mu kuwa da an ci tuwo sai gindin murhun Inna. Takan zuba ƙaiƙayin shinkafa a wuta don hayaƙi ya kori sauro, mu yi ta hawaye amma ba mai tashi. Ba ta da haƙurin doguwar shimfiɗa. "Ku matso, ga ta nan ta iso," shi ke nan an fara.

Wani falke ne, in ji ta, mai kai kaya Dahome a kan jaki. Kullum suka iso wata tsamiya kusa da iyaka sai jakin ya ƙi gaba. Falke ya yi duka har ya gaji, ya sayar da shi ya sayi wani. Ba a yi wata ba sabon ma ya fara tsayawa a nan. Na uku ma haka, har falke ya fara zargin aljanu. Sai wata tsohuwa mai tallar nono a wurin ta kira shi. A nan Inna kan ƙanƙance murya: "Gobe kak ka bugi jakin ga. Hannunka ɗai za ka duba."

Ya duba. Ashe da ya hango inuwar, hannunsa kan saki igiya ya faɗa aljihu neman goro. Jaki kuwa da ya ji igiya ta saki, ya san an ce ya huta.

Na ce, "Inna, sai ya bar cin goro?"

"Wa ya ce maka ya bari? Ya koma ci tun bai taso daga gida ba. Kai dai ba ka barin magana ta kai ƙarshe."

To, ni ma na zauna duba nawa hannun. Kwana uku suka ishe ni. Tun daga zaure nake gyaran murya, in ɗaure fuska irin ta aji, don koyarwa ce aikina, kuma kalmata ta farko ba ta canzawa: "Ina aikin da na sa ka?" Na ji kunya ƙwarai.

Barin wannan hali bai zo da sauƙi ba. Tambayar kan zo har bakina, sai in tsaya a zaure in ja numfashi, in shiga da "Sahabi, sannu da gida." Makon farko kallon marar lafiya ya riƙa yi mini.

Wata ranar Juma'a ya biyo ni a hankali, ya ce in zo in ga tantabarunsa sun yi ƙyanƙyasa. Na bi shi bayan rumbu. Wata takwas yana kiwon su a cikin gidana, ban sani ba.