Masallacin Bakin Dogo

Ba a taɓa shimfiɗa dogo a ƙasarmu ba. A Madawa, wanda ya san jirgin ƙasa sai ɗan cin rani da ya gangara kudu ya dawo yana ba da labari. Amma ni na ga jirgi tun ina yarinya, a kan tebur, a lakwal, wato makarantar boko.

Shekarun da aka gama babban yaƙin Nasara ke nan. An ɗauko ni daga Azarori aka sa ni lakwal, ina zaune wurin ƙanwar uwata, wadda nake ce wa Inna. Mu mata ba mu cika benci ɗaya ba. Malaminmu baƙo ne daga bakin teku, mai tsafta, mai saurin hannu da rula. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa jirgin wasa na kwano, da dogonsa mai zagaye, da mabuɗin da ake murɗawa ya tashi. Da can akwai 'yan gidaje na kwali da suka zo tare da shi, gara ta cinye su a akwati.

Da bikin Nasara na tsakiyar damina ya matso, malam ya ce kumanda, Baturen da ke mulkin yankin, zai zo ya gani, don haka kowa ya gina gida ɗaya na yumɓu a jera a bakin dogo. Ya ɗaga mabuɗin sama ya ce wanda gininsa ya fi kyau shi zai murɗa a gaban kumanda. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan mabuɗin ba. Ko tuwo nake ci, sai in ji yatsuna suna murɗa iska.

Ya nuna mana hoto: gidaje masu jan rufi mai tsini, da tagogi jere. Yara suka duƙufa. Ni ma na gwada, rufin ya zube mini a hannu, na sake, ya sake zubewa. Sai na ture hoton. Ban taɓa kwana a irin wannan ɗaki ba, yaya zan san abin da ke riƙe da shi?

Na je fadama na ɗebo yumɓu, na cuɗa shi da ƙaiƙayi da kashin jaki kamar yadda na ga magina suna yi. Na fara da rumbu mai ƙaton ciki irin namu na Adar, na ɗora shi kan tsakuwa, na yi masa hula ta ciyawa. Da hannuna ya faɗa, sai na gina masallacin garinmu. Tsinken tsintsiya na jera ya zama azara. Na fafe siririn kara na yi indararo. Na yi 'yar matakala inda ladan yake hawa, na saƙa tabarma ta kaba da ba ta fi tafin hannuna ba, na zura ta ta ƙofa. A bangon gabas na fitar da ɗan kumburin nan inda liman yake tsayawa. Mutane kam ban yi ba, ko ɗaya. Damina ce, yumɓu ba ya bushewa, sai na riƙa ajiye shi kusa da murhun Inna, har hayaƙi ya ba shi launin tsohon gini.

Malam ya ɗauke shi ya jujjuya. Na zaci rula za ta yi aiki, tunda ba abin da ya nuna na yi ba. Sai ya ce, "Wannan ne. Ke za ki murɗa."

Ya kai shi tebur. An riga an shafe saman teburin da laka an barbaɗa yashi, an ajiye kujerar kumanda ta wajen gabas, inda inuwar baranda take. Malam ya dasa masallacina kusa da tashar jirgin, ya juya ƙofarsa ta kalli kujerar. Wurin liman ya koma yamma.

Na ce, "Malam, ya ba alƙibla baya."

"Na sani," in ji shi. Ya sani kuwa, don kullum yana ganin inda muke fuskanta. "Kumanda ƙofa zai gani, da tabarmar. Wa zai so kallon bango? Abin wasa ne, ba mai salla a ciki."

Da ya juya, na mayar da shi daidai. Da ya waiwayo, ya sake juya shi, ya ɗaga mini yatsa. "Ki sake taɓawa, babu ke babu mabuɗi."

Na koma gida ina kuka. Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Mi anka yi miki kuma?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har garin ya zuba a zaninta.

"To wa za shi limanci ciki, ƙadangare? Shi ko'ina ya duba gyaɗa kai yakai."

"Inna, ba abin dariya ba ne."

"Ɗiyata, in wasa na, ki ce ɗaki kinka gina, ki huta. Wa zai tambaye ki?"

"Ba ɗaki na gina ba."

Ta ajiye rariya ta dube ni. "To, ke kin san abin da kinka gina. Ni dai kar ki zo min da kumburarren hannu ki ce ba ki iya daka."

Jajibirin bikin ni ce da shara. Na zo da sassafe da ɗan yumɓu a ganye, na kwaɓa shi da ƙaro wanda na jiƙa tun jiya. Na yi bisimilla, na ɗaga masallacin, na shafe gindinsa, na dasa shi wurin liman yana duban gabas, na danna da hannu biyu. Na mayar da yashi na rufe bakin. Ranar babu wanda ya shiga ajin, duka muna waje muna koyon waƙar tarbar kumanda. Na yi waƙar da ƙarfi fiye da kowa.

Da safiyar biki malam ya gani. Ya kama masallacin zai juya, ya ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi, indararo ɗaya ya karye a hannunsa. Ya tsaya. Ya san in ya matsa, ginin zai tashi da rabin ƙasar tebur, ga motar kumanda ana jin ƙararta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Na ce miki me?"

"Ka ce babu ni babu mabuɗi."

"Miƙo hannu."

Na miƙa. Ban janye ba, ban kuma ce ya yi haƙuri ba. Da ya gama, ya ba ɗan wani gardi, dogarin kumanda, mabuɗin, yaron da gidansa mai jan rufi ya karkace kamar zai yi ruku'u. Ni aka ce in fita.

Ta taga na kalla, ina ɗage a kan yatsu, tsakanin kawunan mutane. Yaron ya murɗa. Jirgin ya yi ƙara, ya tashi, ya wuce tasha, ya wuce rumbuna, ya bi ta gefen masallaci ya zagayo. Wallahi ya yi kyau. Hawaye suka zubo mini, tafin hannuna yana zafi, yatsuna kuma suna murɗa iska kamar kullum. Kumanda ya yi ɗan murmushi, ya ce wani abu da Faransanci, ya tashi. Ban san ko ya lura da bangon da ke kallonsa ba.

Kafin kaka wayar cikin jirgin ta tsinke, bai ƙara tafiya ba. Ban taɓa murɗa shi ba. Daga baya na yi karatu mai ɗan nisa, na yi aure, na shiga jirgin gaske zuwa Kano, amma ba ɗaya ba ne, kuma ba zan ce ban ji ciwo ba.

Da na dawo gida ranar bikin, Inna ta kama hannuna ta duba, ta shafa masa man shanu.

"Ina ya duba?" in ji ta.

"Gabas."

"To, yau ni ka daka."